Katakon Malam da Ledar Gwaggo

Ruwan esi, na'urar sanyaya ɗaki, ne ya jawo mana. Gidan da muka kama haya a unguwar Al Sadd ta birnin Doha yana hawa na biyu na wani tsohon bene, bayan layin masu sayar da waya. Esin falon irin na taga ne mai ƙugi, kuma ta ciki yake ɗigar da ruwansa maimakon ta waje. Ɗigon ya yi ta sauka a kusurwa har ledar ƙasan ta kumbura ta ɗaga baki. Tsohuwar leda ce, ruwan ƙasa mai gida-gida, da tabon ƙuna a tsakiya inda wani ɗan haya ya taɓa dire kaskon turare. Ni dai ba ta taɓa tsare min komai ba. In na share na goge, fes take fitowa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, maigidana ya tsuguna zai sa tsumma a wurin, sai ya ja bakin ledar ya leƙa ƙarƙashinta. Malam nake ce masa. Karatun digiri na uku ne ya kawo shi Doha, yana bincike kan yadda ake raba ruwan teku da gishiri, ni kuma aure ya kawo ni. Mutum ne mai sanyi, sai ki yini da shi ba ki ji muryarsa ba, amma in abu ya shiga kansa sai dai a yi haƙuri.

"Uwargida, zo ki gani," ya ce. "Katako ne!"

Na ce, "To, Allah ya sa alheri."

"Ba ki gane ba. Katako ne na gaske, ƙanana-ƙanana, an jera su kamar saƙar tabarma. A garin nan da ko'ina tayil ne! Wani ya zo ya rufe shi da leda. Wannan ai zalunci ne."

Na ce, "Malam, wanda ya rufe shi ya san abin da ya gani."

Bai ma ji ni ba. Ya riga ya ɗauko waya yana haska ƙasa da fitila.

A lokacin ina ɗauke da cikin fari, kuma ya fara nauyi. A gidanmu a Funtuwa, haihuwar fari a gida ake yin ta. Mace ta koma gaban iyayenta ta haihu, a yi mata wankan jego, ta sha kunun kanwa, sai ta yi ɓul-ɓul a mayar wa miji. Baba ya ce ba a kaina za a fara canza wannan ba. Ni kuwa ba na son tafiya, kuma ban ɓoye ba. Jinina yana ɗan hawa, likitar da ke duba ni a nan ta san ni ta san shi. Malam ba zai iya barin bincikensa ya bi ni ba, in na tafi sai dai ya ga ɗansa a waya. Na yi kuka, na yi fushi, na daina ɗaga wayar 'yan gida. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa Gwaggo, yayar Baba, za ta zo ta gani da idonta. In ta ga inda nake ya yi mata, ta zauna ta yi min wankan a nan. In bai yi mata ba, ta taso ƙeyata kafin cikin ya kai inda jirgi ba ya ɗauka. Bizarta kawai muke jira.

A irin wannan lokaci ne mijina ya ga ya dace ya yaye ƙasan falo.

Ya kira mai gidan, wani dattijo da ba mu taɓa gani ba sai a waya. Dattijon ya ce, "Khalas, shi ke nan, yi abin da ka ga dama, kada dai ka fasa min bango." Sai Malam ya nemo mai taya shi, wani direban tasi ɗan garinmu da ke kwana a Sanaiya, can unguwar gareji da gidajen ma'aikata. Mutum ne mai faɗin kafaɗa da faɗin baki, shi ke kawo mana daddawa da kuka duk lokacin da wani ya dawo daga gida. Ya tsaya a bakin ƙofa ya saurari bayani har ƙarshe.

"Dakta," ya ce, don haka suke kiransa tun kafin ya zama, "so kake a cire wannan a sa sabuwa?"

"A'a, a cire kawai."

"Sai a bar wurin haka?"

"Sai a gyara katakon."

Direba ya dube ni, na kau da kai. Ya ce, "Ikon Allah. Karatu dai da daɗi." Ya naɗe hannun riga suka ja ledar. Shi da kansa ya nannaɗe ta a hankali kada ta yage, ya ce ai da sauranta, a ɗakinsu siminti ne tsirara. Ya sa ta a but ɗin motarsa ya tafi yana ta godiya.

Malam ya ce min aikin Juma'a da Asabar ne. Abin da bai sani ba shi ne, wanda ya sa ledar nan ya sa ta ne da niyyar har abada. Ƙarƙashinta gam ne baƙi ƙirin, ya bushe ya kama katakon kamar ƙanzo a gindin tukunya. Malam ya sayo ƙarfen kankara irin na masu fenti, bakinsa ya lanƙwashe. Ya ɗauki cokalin suyata, ya karye. Ya ga a waya cewa zafi yana sassauta gam, ya ɗauki dutsen gugana ya ɗora a kan tsumma, daga ranar dutsen bai ƙara taɓa tufa ba. Ya koma zuba tina, ruwan nan da ake narka fenti da shi, gidan ya ɗauki wari, ya riƙa kora ni wurin maƙwabciyarmu 'yar Sudan in zauna har warin ya fita. Kujerunmu suka koma baranda, talabijin ya koma kan firji. Kullum in ya dawo daga jami'a sai ya cire kayan arziki ya sa wani tsohon wando, ya durƙusa yana kankara, ƙat, ƙat, ƙat, har in ji abin a haƙorana.

Na yi masa magana da daɗi, na yi masa da zafi. Na ce, "Malam, mutumin da ake zuwa dubawa ko ya iya riƙon mata, shi ne ya mayar da falonsa garejin walda?" Sai ya ɗago, gumi na ɗiga ta gemunsa, ya nuna min wani wuri da bai fi faifai ba, ya ce, "Dubi nan kawai. Dubi jijiyar itacen." Na duba. Katako na gani.

An kankare rabi kenan bizar Gwaggo ta fito.

Gwaggo 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai ƙaramar murya, amma ban taɓa ganin wanda ya yi mata musu ya ci riba ba. Duk maijegon da aka yi a gidanmu ita ta wanke ta. Direba ne ya ɗauko mu daga filin jirgi. Tun a mota take yaba tituna, ta ce garin nan ko ɓawon gyaɗa babu a ƙasa. Muka hau bene, na buɗe ƙofa, ta sa ƙafar dama da bisimilla, sai ta tsaya cak. Rabin falon fari-fari duk ƙarce, rabi baƙi, yana ƙyalli saboda tinar da Malam ya zuba da safe.

Na jawo mata kujerar roba. Malam ya cire takalmi, ya zube a gabanta zai kwashi gaisuwa. Ya sa farar shaddarsa ta Juma'a saboda ita. Tsakaninsa da Gwaggo akwai kunyar surukuta mai kauri, ba ya haɗa ido da ita, ba ya cin abinci a gabanta, ba ya wuce gaisuwa. Ya gaishe ta da hanya, ya tambayi mutanen gida, ta amsa. Aka gama, bai tashi ba. Ya sake tambayar gajiya, ta amsa. Ya tambayi damina. Ya tambayi awaki. Na lura yana motsa gwiwa a hankali, sai na gane a ɓangaren baƙin ya durƙusa, gam ɗin ya kama wandon.

"Tashi mana, ɗan nan, ai gaisuwar ta isa," in ji Gwaggo.

"Ba komai, Gwaggo," ya ce, kansa a ƙasa.

Sai da na ja ta ɗaki na ce ta zo ta watsa ruwa. Muna shiga na ji ƙyat daga falo, irin ƙarar da yadi ke yi in ya rabu da wani yankinsa. Gwaggo ta ce, "Yaron nan akwai ladabi." Wannan ce magana mai daɗi ta farko da ta ƙarshe da ta faɗa a kansa a makon.

Ba ta tambayi komai ba a kwanakin farko. Kallo kawai take yi. Ta ga surukin da aka ce mata babban malami ne a jami'a yana rarrafe da tsohon wando yana kankare ƙasa. Ta ga kujeru a baranda. Wata safiya bayan ya fita, ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa.

"'Yar nan, faɗa min gaskiya. Aikin nasa ne ya tsaya?"

"Wane aiki, Gwaggo? Lafiya lau yake zuwa."

"To ina ledar ɗakin?"

"Cirewa ya yi. Katakon yake so a gani."

Ta dube ni, ta gyaɗa kai. "Allah ya yi miki albarka. Haka ake so mace ta rufa wa mijinta asiri. Amma ni ba baƙuwa ba ce."

Na rantse mata, na ce a ƙasashen Turawa masu kuɗi ne ke zama a kan katako. Ta ce ita a saninta katako na benci ne da teburin mai nama, Turawa kuma ai ba yau suka fara abin mamaki ba. Duk bayanin da na ƙara, sai ta ƙara tausaya min. Daga ranar ta daina cin nama, sai ta tsame nata ta mayar tukunya. In Malam ya fita sai ta kashe esi, mu zauna muna fifita da murfin kwano a zafin Doha. Baba ya kira ya tambaye ta ya ta gani, ta ce, "Ina dai gani."

Malam bai san ana yi ba, shi ta katakonsa yake. Ya gama kankara, ya ɗauko hayar injin goge katako daga Sanaiya, ya kai mu gidan maƙwabciya muka yini. Ya bi lungu-lungu da samfefa, ya shafa mai, ya bari ya sha, ya sake shafawa. Ranar da ya buɗe mana ƙofa mu gani, ni da na fi kowa zagin aikin nan sai da na saki baki ina kallo. Katakon ya fito ruwan zuma, saƙarsa ta bayyana, hasken taga ya kwanta a kai. Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Malam na tsaye a gefe, tafin hannunsa duk ya yi kanta, yana murmushi kamar an ba shi sarauta.

Gwaggo ta taka a hankali, ta duba gabas ta duba yamma. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari. An share wuri tas. Yaushe za a kawo ledar?"

Washegari da hantsi ta ga ya kamata ta taimaka. Ta cika bokiti da ruwa da omo, ta ɗauko tsintsiyar da ta zo da ita daga gida, ta sheƙa a tsakiyar falo yadda ake wanke siminti. Malam ya fito daga ɗaki da jakarsa zai tafi jami'a. Na ga fuskarsa ta canza launi. Ya buɗe baki, ya tuna wadda ke gabansa, ya rufe. Sai ya ajiye jaka, ya fizgo tawul ɗin wankansa, ya durƙusa yana bin bayanta yana tsanewa. Ita tana sheƙawa, shi yana tsanewa. Da tawul ya jiƙe ya ɗauko zanen gado. Ni ina ƙofar kicin na toshe baki da gyale, dariya na neman ta sa ni naƙuda.

A ranar da yamma ne ya ji ta tana waya da wata ƙawarta, tana cewa yaron kirki ne, sai dai babu, ko ledar ɗaki ta gagare shi. Ran maza ya ɓaci. Ya same ni a kicin yana magana ƙasa-ƙasa.

"Ni ne leda ta gagara? Je ki gaya mata ina da halin sayen leda har ta rufe benen nan. Da gangan na cire. Ki ce mata da gangan."

Na ce, "Malam, ka bar ta a haka. Tausayinka take ji, kuma tausayi ba ya sa a ɗauke mata."

"Ki dai gaya mata."

Na je na gaya mata. Tana zaune bakin gado tana jan carbi, sai carbin ya tsaya.

"Da gangan," ta ce.

"E, Gwaggo."

"Yana da halin, ya cire. Kuma sai da ya ji zan zo."

Nan take na hango inda ta dosa. A wurinmu kayan ɗaki ba na miji ba ne. Gado, kujeru, labule, kwanuka, har ledar da za a taka, dangin amarya ne ke kaiwa su jera mata. Ni kuwa ana ɗaura aure aka sa ni a jirgi. Kayan da Baba ya saya suna can Funtuwa a kulle a ɗaki, ba a taɓa yi min jere ba. Abin ya daɗe yana ci wa Gwaggo rai, ta sha faɗa cewa an kai 'ya kamar an aika saƙo.

"Gori ne," ta ce. "Bai iya faɗa da baki ba, shi ne ya yaye ƙasan ɗaki don in zo in gani da idona. Ga yadda kuka kawo min 'yarku, ko abin takawa babu. To na gani. Ya iya aike."

"Wallahi Gwaggo ba haka ba ne! Shi fa katakon ne yake burge shi."

"Rufe min baki. Mutum da hankalinsa, da karatunsa, zai yi wata da watanni yana rarrafe saboda katako ya burge shi? Haɗa kayanki. Ba zan bar ki ki haihu a hannun mai yi mana gori ba."

Na fito na sami Malam, kuma ranar ya ji muryar da bai san ina da ita ba. Na ce ga abin da taurin kansa ya jawo, za a tafi da ni, sai ya zauna ya rungumi katakonsa, in ya so ya raɗa masa suna. Na ce ya je ya yi mata bayani da bakinsa. Ya tafi kuwa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin, ya yi sallama, ya gaishe ta da yini.

"Gwaggo, dama... wato katakon nan..."

"Na gan shi," ta ce.

"To," ya ce. Ya ƙara ɗan jim, ya tashi ya dawo. Iyakar bayanin kenan. Mutumin da ke tsayawa gaban farfesoshi yana zuba bayani, tsohuwar da ba ta kai kafaɗarsa ba ta ƙwace masa harshe.

Na fara haɗa kaya ina kuka. Tsoro nake ji na gaske, tsoron doguwar tafiya da wannan jinin nawa, da tsoron in haihu ba ya kusa. Gwaggo ta sa Direba ya tambayo mata ranar da akwai jirgi. Amma da safe, bayan Malam ya fita, sai na ga ta yafa mayafinta na unguwa, ta ɗaura jakar guzurinta a ƙugu.

"Kira min yaron nan mai mota," ta ce. "Ko za mu tafi, ba zan bar gori a kan gidanmu ba."

Direba ya kai mu wani layi da ake sayar da darduma da labule. Ledoji na tsaye a jingine, naɗi-naɗi, sun fi mutum tsawo. Mai shagon ya nuna mana wata mai zanen katako, ya ce ita ake yayi. Gwaggo ta ce wa Direba, "Gaya masa muna da irinta a gida." Ta zagaya ta zagaya, ta tsaya a gaban wata koriya shar mai manyan furanni ja da ruwan gwal, kowane fure ya kai faranti. Ta murza bakinta da yatsa ta ji kauri. Ta yi ciniki da Hausa, mai shago na amsawa da Larabci, Direba na tsakiya yana tafinta yana rage zafin kowane ɓangare. Na ce zan biya, ta harare ni. Ta kwance jakarta ta biya da abin da ta zo da shi don tsarabar jikoki.

Da muka dawo Direba ya shimfiɗa, ya yanka daidai bango. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi Gwaggo. Shi ya san wahalar da aka sha.

"Gwaggo, a bar ta haka ko? Ai ta kwanta. Ba sai an sa gam ba."

"A sa," ta ce. "Jariri za a kawo ɗakin nan, ba na son abin da zai naɗe ƙafar maijego. A sa da yawa."

Ta kora ni gidan maƙwabciya saboda wari, ita kuma ta ja kujera ta zauna kusa da shi tana nuna masa inda bai ji ba. Daga can na kira Malam. Na ce, "In ka dawo za ka ga abu a falo. Ba zan gaya maka ko mene ne ba. Amma ka sani, abin da fuskarka ta nuna a bakin ƙofa, shi zai sa in zauna ko in tafi." Ya yi ta tambaya, na kashe wayar.

Kafin la'asar an gama. An dawo da kujeru daga baranda, talabijin ya sauko daga kan firji. Gwaggo ta fito da kwanukan da ta zo min da su ta jera su a saman kabad, ta sa turaren wuta. Sai ta tsaya a tsakiyar furannin nan, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, irin wadda ake ji daga unguwa zuwa unguwa. Maƙwabta suka buɗe ƙofofi. Wani Ba'indiye daga hawa na uku ya sauko da gudu yana tambaya ko gobara ce.

Ana cikin haka Malam ya iso. Ya tsaya a bakin ƙofa da takalminsa a hannu. Na ga idonsa ya sauka a kan kore da ja, ya bi bango-bango yana neman inda ko ɗan yatsa na katako ya rage, babu. Ya shaƙi iska, ya ji warin gam a ƙarƙashin turare. Direba ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da akuyar sata.

"Shigo mana," in ji Gwaggo. "Ɗakin matarka ne. An yi mata jere. Mun makara, amma mun yi."

Sai ya ajiye takalmin, ya tako, ya zube a kan wani jan fure a gabanta. Da ya buɗe baki, ƙwalla ta cika masa ido har ta gangaro.

"Allah ya saka da alheri, Gwaggo. Allah ya ƙara girma. In an ga kuskure a wurina, a yafe min."

Gwaggo ta dube shi da kyau, karo na farko tun zuwanta. Ta ce, "Ya wuce. Miƙo min wayar nan, 'yar nan, kira min ubanki."

Gwaggo ba ta iya waya a kunne ba, sai a buɗe murya kowa ya ji. Baba ya ɗauka.

"An yi jere," ta ce masa. "Bakin kowa ya mutu. Yaron ma da ya gani har kuka ya yi don murna, ga shi nan a gabana bai tashi ba. Ku aiko min da kanwa da kayan yaji ta hannun masu zuwa. A ɗakinta za ta haihu."

Ni na san kukan mene ne, shi ma ya san na sani. Na zauna a hannun kujera. Tunda aka ɗaura mana aure ban taɓa jin son mutumin nan kamar na wannan yammacin ba, yana durƙushe a kan ledar da ta binne masa wahalarsa, yana amsa addu'ar Baba da amin, amin.